Kashi na Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Shekara goma sha ɗaya ina bin wannan zanen na Japanawa,
tun faifan da muke saye a Taminus, uku ɗari biyu,
mai fassarar da ke gudu a ƙasan allo kamar ɓera,
har yau da nake sauke shi a waya da datar tsakar dare.

Sunansa na yanka ya fi ƙarfin harshenmu,
sai muka raɗa masa Bahago,
don da hagu yake zare takobi.
Shi ne mai isowa bayan jarumi ya gama,
ya tarar an riga an yi tafi.
Shi ne mai tsayawa can gefe, hannuwa a harɗe,
allo ya yanke masa rabin fuska.

Kashi ɗari huɗu yana cewa gobe.
Ya yi atisaye cikin ƙanƙara har yatsunsa suka tsage,
jarumi kuwa ya ci, ya sha, ya yi minshari,
ya farka da sabon ƙarfi kamar wanda aka bar wa gado.

Na san wannan ciwon.
A sakandarenmu ta Laranto, zango tara ina na biyu.
Dalyop na ɗaya.
Ni da fitilar ƙwai har asuba,
shi da ƙwallo har magariba,
maki uku tsakaninmu, wani zubin biyu,
sau ɗaya rabin maki,
ranar ban ci abincin dare ba.

Jiya ruwa ya kwana yana dukan kwano a Rikkos.
Na rufe shagon gyaran waya, na ja bargo,
sanyin Jos yana shigowa ta ƙasan ƙofa.
Na danna.

Minti ashirin da uku, jarumi bai leƙo ba.
Bahago ne kaɗai a bakin wata gadar katako,
bayansa ƙauye na tserewa da awaki da tukwane,
gabansa runduna.
Babu mai kallo, babu mai ƙirga maki.
Da hannun hagu ya karye
sai ya ɗauki takobin da dama,
hannun na rawa, tsohon tabo tun daga wuyan hannu har gwiwa.

Ashe ba bahago ba ne.
Damar ya ƙona tun suna yara,
ranar da ya jawo jarumi daga wuta,
bai taɓa faɗa ba, wancan bai taɓa tambaya ba.
Shekara sha ɗaya muna kiransa da sunan rauninsa.

Bai yi nasara ba, in ana son gaskiya.
Ya dai tsaya har akuyar ƙarshe ta haye.
Wata tsohuwa ta ba shi ruwa a ƙoƙo,
ta ce, ɗan wa ne kai, yaro?
Ya yi dariya. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai jiya.

Ƙarfe ɗaya saura na kira Dalyop a Abuja,
shekara huɗu rabonmu da magana.
Bugu ɗaya ya ɗauka.
Ya ce, Sagiru, ka gani?
Na ce na gani.
Muka yi shiru, ruwa na zuba ta ɓangarena,
janareta na kuka ta nasa.

Can ya ce, ka san tun muna aji uku
ni nake ɗaukar kaina Bahago?
Kai ne kowa ke jira a bakin get,
kai ake raba wa soyayyen dankali.
Ni takarda kawai gare ni.

Na buɗe baki, kati ya ƙare.

Da safe wani yaro ya kawo waya mai fasasshen gilashi,
hoton Bahago a fuskarta, tsagar ta ratsa kafaɗarsa.
Na ce ya dawo da la'asar.
Na daɗe ban ɗauki sukundireba ba.